Ƙanƙara, Ruwa da Tururi: Bayani ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Gobir

An shirya wannan takarda domin Hakimai da Dagatai, da malaman da ke riƙe musu alƙalami, a ƙasar Sabon Birni da Isa. Maganar da ke cikinta ta wani darasi ce da ake koya wa yara a ajin kimiyya, tun daga manyan azuzuwan firamare har ƙaramar sakandare, watau yadda abu ɗaya ke sauya hali: ya daskare, ya narke, ya zama tururi, kana ya komo yadda yake. Daga nan ne ake ɗora yara bisa ilmin sinadarai, wanda 'yan makaranta ke kira kemistiri. Mai hangen abin daga nesa zai ce wannan aikin malamin makaranta ne, ba ruwan Hakimi. Amma darasin ya shafi man fetur da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, ya shafi kaskon wuta da ake shiga ɗaki da shi da hunturu, ya kuma shafi takin da manomi ke watsawa a fadamar Rima. Saboda haka ya kamata shugaban jama'a ya san gindinsa.

Gindin kuwa ɗaya ne: abin da ya ɓace wa ido bai bar duniya ba. Ruwan da ya ƙafe a tafki yana nan cikin iska, gishirin da aka zuba a miya yana nan cikin miya, icen da ya ƙone ya bar toka kaɗan sauransa yana nan ya bi sama. Yaron da ya riƙe wannan ya sami darasin. Wanda ya haddace sunayen Turanci kawai bai riƙe wannan ba, ya ci jarrabawa ne kurum, in ma ya ci.

HALIN DA MAKARANTU KE CIKI

A zamanin En'e makarantun elementare na ƙarƙashin hukumar gargajiya, Hakimi ne ke tattara yara, shi ke tsawata wa iyayen da suka ɓoye nasu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya tabbatar da ɗauke wannan mulki daga hannun sarauta, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9. Duk da haka, har yanzu kalmar Hakimi na kai wa inda takardar ofis ba ta kai ba.

Ba a kuwa ɓoye cewa tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tada ƙauyuka da yawa a yankin Isa da Sabon Birni, wasu mutane suka ƙetara ƙasar Maraɗi, wasu suka taru a manyan garuruwa, karatun yara da dama ya yi ta yankewa. A irin wannan hali, wanda ya ce sai an gina ɗakin gwaje-gwaje da kwalabe irin na Turai sa'an nan a koyar da kimiyya, ya ce ke nan kada a koyar. Abin farin ciki shi ne wannan darasi bai bukaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Tukunya da murfinta, da randa, da gishiri, da kanwa, da zoɓo, da guntun ƙanƙara daga wurin masu sayar da ruwan sanyi, sun ishi malamin da ya san aikinsa, ko da a gindin itace yake koyarwa.

HALI UKU

Masana sun kasa abubuwa bisa hali uku. Akwai daskararre, mai siffarsa ta kansa, kamar dutse da ƙarfe da ƙanƙara. Akwai mai gudana, wanda ke ɗaukar siffar mazubinsa, kamar ruwa da madara da kananzir. Akwai kuma mai halin iska, wanda ba ya tsayawa a ƙasan mazubi, sai ya bazu ya cika duk wurin da aka sake shi. Wannan shi ake kira gas.

Abu ɗaya yakan zaga halin nan uku, zafi ne kuwa ke kora shi. Man shanu yakan kwana a daskare cikin watan Janairu, ya zama ruwa da tsakar rana cikin Afrilu, ba wanda ya taɓa shi. Manja yakan ƙi fita daga jarka da hunturu sai an kai shi rana. Masu zubin tukwane sukan narka tsofaffin gwangwanayen alminiyam su zuba a gurbin yashi, gama alminiyam na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salsiyas, zafin da gawayi da zuga ke iya kaiwa. Ƙarfe kuwa sai digiri 1538, shi ya sa maƙeri ba ya narka shi, yana dai gasa shi ne ya yi laushi ya buga. Akwai kuma abin da ke tsallake halin tsakiya, kamar kafur da ake sa wa cikin adakar tufafi: yakan yi ta ƙanƙancewa har ya ƙare ba tare da ya jiƙa ko zane ɗaya ba, gama daga daskararre yake wucewa iska kai tsaye, ƙanshin da ake ji kuwa shi ne kafur ɗin.

Dalilin duk wannan shi ne kowane abu an gina shi da 'yan ƙwayoyi ƙanana ainun. Ɗigon ruwa guda na ɗauke da ƙwayoyin da adadinsu ya wuce lamba 1 mai sifiri 21 a bayanta. Wani malamin makaranta a Ingila, John Dalton, shi ya tsara wannan magana a littafi cikin 1808, shekarar da aka ci Alƙalawa, wadda kufanta ke nan a ƙasar Sabon Birni. Yaran Gobir sukan riƙe shekarar Dalton da sauƙi in an haɗa musu ita da wannan.

Hanya mafi kyau ta nuna ƙwayoyin nan ita ce a fita da yara fili. A jera su sahu-sahu, kowa ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa, su riƙa rangaji ba tare da sun ɗaga ƙafa ba: wannan ƙanƙara ce. A ce su saki juna su yi ta kutsawa a tsakaninsu kamar ranar kasuwa, amma kada su fita da'irar da aka zana: wannan ruwa ne. Sa'an nan a kaɗa ƙararrawar tashi, su watse ko'ina: wannan tururi ne. Bayan sun komo sai malami ya ƙirga su a gabansu, su ga ba wanda ya ragu, ba wanda ya kumbura, ba wanda ya narke. Tsarin tsayuwarsu da saurin motsinsu kaɗai suka sauya. Wannan ƙirga ta ƙarshe ita ce darasin, malamai da yawa kuwa sukan manta da ita.

INDA MA'AUNI KE TSAYAWA

Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne na ƙanƙara a kan wuta. A farfasa ta a zuba a tukunya, a tsoma ma'aunin zafi, a sa wuta kaɗan, a riƙa motsawa, yaro ɗaya na duba agogo, wani na rubuta abin da ma'auni ya nuna kowane minti. Za a ga abin mamaki. Wuta na ci, ƙanƙara na narkewa, amma ma'auni na tsaye wajen digiri 0, ba zai hau sosai ba sai ƙanƙarar ta ƙare. Daga nan sai ya yi ta hawa har ruwa ya tafasa, sai kuma ya sake tsayawa cik, ko an ƙara ice nawa.

Littafi ya ce ruwa na tafasa a digiri 100. Wannan a bakin teku ne. Duk hawan mita 300 yakan rage wajen digiri 1, gama nauyin iskar da ke danne ruwan ya ragu. Ƙasar Sabon Birni na wajen mita 300 bisa teku, saboda haka ma'auni mai kyau zai nuna kusan 99. A Jos, bisa tsauni, wajen 96. Kada malami ya tilasta wa yaro ya rubuta 100 alhali idonsa ya ga 99. Yaron da aka koya wa ƙaryata idonsa don ya dace da littafi an ɓata masa kimiyya tun ranar farko.

To, ina zafin wutar ya tafi sa'ad da ma'auni ke tsaye? Ya tafi wajen raba ƙwayoyin da juna. Wani likita a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, Joseph Black, shi ya gano haka wajen 1761, ya kira shi ɓoyayyen zafi. Ga lissafinsa bisa giram ɗaya: narkar da ƙanƙara na cin kalori 80, ɗaga ruwan daga 0 zuwa 100 na cin kalori 100, mai da shi tururi kuwa na cin kalori 540. Watau icen da zai ƙafe tukunyar ruwa ƙaf ya ninka wanda zai tafasa ta fiye da sau biyar.

Wannan lissafi na da amfani a kowane gida. In wake ya tafasa, ƙara wuta ba ya sa ya nuna da wuri, gama ruwan ba zai wuce zafin tafasa ba. Ice ne kawai ke ƙonewa, ruwa na ƙafewa. A ƙasar da mata da yara ke yin nisa neman ice, nisan kuwa ya zama hatsari, rufe tukunya da rage wuta bayan ta tafasa ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma lissafin ya nuna dalilin da ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, domin tururi in ya taɓa fata sai ya komo ruwa, ya sauke mata kalori 540 ɗin nan gaba ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kuma takan zama wajen lita 1,700 ta tururi. Yaron mota da ya san wannan ba zai buɗe lagireto mota na huci ba.

Abu guda a kiyaye: kada a ari ma'aunin zafi na asibiti don wannan gwaji. Shi iyakarsa digiri 42, in an tsoma shi a ruwan zafi zai fashe, in kuwa irin na da ne mai zaiba a ciki, zaibar guba ce. Ma'aunin da ake bukata shi ne mai kai wa digiri 110, ba shi da tsada, guda ɗaya ya ishi makaranta.

RANDA

Ruwa ba ya jiran tafasa kafin ya bi iska. Ƙwayoyin da suka fi sauri a samansa kullum suna kufcewa, kowace kuwa in ta tafi sai ta tafi da zafi, abin da ya rage ya yi sanyi. Shi ya sa zufa ke sanyaya jiki. Shi ya sa kuma ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi: jikin randa na da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na nasowa ta cikinsu yana bushewa a waje, yana janye zafi daga na ciki. Salkar matafiya ma haka take aiki. Matan da ke ajiye randa inda iska ke ratsawa, su ƙi shafe ta da fenti, sun san hukuncin tun kafin a rubuta shi.

Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan sani ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga tumatir da tattasai da gauta na kwanaki ba su lalace ba. An ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda wannan. Kowace makaranta a ƙasar Gobir na iya yin irinta da tukwane biyu, yara su auna zafin ciki da na waje safe da rana. Za su kuma gane da kansu cewa ta fi aiki da rani da bazara, sa'ad da iska ta bushe; da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta karɓar wani.

Hanyar komowa ita ce wadda yara suka fi ruɗewa a kanta. In an ajiye kwalba mai sanyi ta yi zufa a waje, mafi yawansu za su ce ruwan ciki ne ya naso. Maganin wannan shi ne a cika kwalbar da zoɓo mai ƙanƙara, a goge zufar da farin ƙyalle. Ƙyallen zai jiƙe amma ba zai yi ja ba. Ruwan daga iska ya sauko, kamar yadda raɓa ke sauka bisa ciyawa da asuba. Har farin hayaƙin da ake gani bisa tukunya ba shi ne tururi na ainihi ba. Tururi ba a ganinsa, abin da ake gani 'yan ɗigo ne da suka riga suka komo ruwa, gajimare ma haka yake. Hazon hunturu kuwa wani abu ne dabam, ƙura ce daga hamada, kada a haɗa su.

KALMAR DA KE DA FUSKA BIYU

Jarrabawa da Turanci ake yinta, amma yaro da Hausa yake tunani, malami mai hankali kuwa da Hausa zai fara bayani. A nan akwai wani tarko. Bahaushe yakan ce ƙanƙara ta narke, ya kuma ce gishiri ya narke a ruwa, kalma ɗaya, alhali abu biyu ne. Ƙanƙara zafi ne ya narka ta, ita kaɗai. Gishiri kuwa in zafi za a sa ya narka shi sai an kai digiri 801. Abin da ya faru a miya shi ne ƙwayoyin ruwa sun shiga tsakanin nasa sun ɗauke su ɗaya-ɗaya. Ya kamata malami ya raba su tun farko, ya ce narkewar zafi da narkewar jiƙo, ko wata kalma da yaran suka yarda da ita.

Shaidar cewa gishirin na nan ba ta da wuya. A auna shi da cokali, a kaɗa a ruwa har ya ɓace, a tafasa, a tara ɗigon da ke taruwa a ƙarƙashin murfi. Yara su ɗanɗana: ba gishiri. In tukunya ta ƙafe, ga shi nan fari fat a gindi. Wannan ba sabon abu ba ne ga Bagobiri, gama gishirin da ayari ke kawowa ta wannan hanya ake yinsa. A Balma, cikin hamadar Nijar, ana tara ruwan gishiri a ramuka rana ta shanye ruwan, a kwashe a yi kantu. A kwarin Fogha, ƙasar Dandi, ana wanke ƙasa mai gishiri ne, a tace, a dafa. Lita ɗaya ta ruwa ba ta ɗaukar abin da ya wuce wajen giram 360. In an ƙara, sai ya kwanta a ƙasa.

Kalmar iska ma tana da nata ruɗani, gama tana nufin wadda ke kaɗawa, da wadda ake shaƙa, da gas kowane iri, har da abin da 'yan bori ke nufi. Sai malami ya riƙa faɗin wadda yake nufi.

SAUYIN DA BA YA KOMOWA

Duk abin da aka ambata a sama sauyin hali ne, abin bai zama wani abu ba. Ilmin sinadarai na farawa ne inda abu biyu suka gamu suka haifi na uku. An san ginshiƙan sinadarai 118, wajen 90 daga cikinsu ana samunsu cikin halitta, kowane abu kuwa daga haɗuwarsu yake. Ruwa haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya. Gishiri sodiyam ne da kulorin. Iskar da ake shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kashi 21 oksijin.

Hausawa na cewa kanwa ta kar tsami, in rigima ta mutu. Karin maganar nan kemistiri ce tsantsa. A jiƙa kanwa, a matsa mata lemun tsami ko ruwan tsamiya, sai ta yi ta kumfa. In an yi a kwalba aka ɗaura balan-balan a baki, zai kumbura. Gas ɗin da ya fito shi ne kabon dayoksaid, in an sa ashana mai ci a bakin kwalbar sai ta mutu. Zoɓo kuma alƙali ne a tsakaninsu: a ɗiga masa tsami ya ƙara ja, a ɗiga masa ruwan kanwa ko ruwan toka ya yi duhu ya koma wajen kore. Da kofi ɗaya na zoɓo yara za su gwada sabulu da nono da ruwan rijiya, su rubuta wanne ke ɓangaren tsami, wanne ke ɓangaren kanwa. Inda akwai marina kusa, a kai su su ga zane ya fito daga ruwan baba yana kore-kore, ya sha iska ya zama shuɗi a gaban idonsu, gama oksijin ya kama shi.

Ko a nan ba abin da ke ɓacewa. Wani Bafaranshe, Antoine Lavoisier, ya tabbatar da haka da sikeli, ya buga a 1789. Misalinsa na kusa shi ne masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato, wadda aka kafa kamfaninta a 1962, ta fara aiki a 1967. In an gasa dutsen farar ƙasa tsantsa a wajen digiri 900, kowane kilo 100 yakan bar kilo 56, sauran kilo 44 sun fita a matsayin gas. Sikeli zai ce dutsen ya ragu; wanda ya tare gas ɗin ya auna zai sami kilo 100 cif.

INDA JAHILCIN DARASIN KE KISA

Man fetur na zama gas ko da sanyin hunturu, gas ɗin kuwa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana rarrafe kamar ruwa, ba a ganinsa. Shi ne ke kama wuta, ba sai wutar ta taɓa man ba. Ranar 15 ga Oktoba 2024 wata tankar mai ta faɗi a Majiya, Jihar Jigawa, mutane suka taru suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. A garuruwan kan iyaka, inda ake ajiye jarkokin mai cikin gida, mai shayi na hura wuta kusa da mai bumburutu, wannan magana ta kowace rana ce. Jarkar da aka juye ma ba ta zama fanko ba, cike take da gas, ta fi cikakkiya saurin fashewa in an kusanta ta da wuta.

Gawayi in yana ci a ɗakin da aka toshe, oksijin ya yi ƙaranci, sai ya fid da kabon monoksaid, gas da ba shi da launi, ba shi da wari. Jini na kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da 'yan kai. Mutum yakan ji ciwon kai da kasala, ya yi barci, bai farka ba. Janareta a cikin ɗaki ko a zaure mai rufi haka yake yi. Sau da yawa in aka wayi gari da irin wannan mutuwa sai a ɗora wa abinci ko sammu, a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, maganar ta zo gaban Hakimi. Hakimin da ya san darasin zai fara tambaya ko an kwana da wuta, ko taga a rufe take.

A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, wajen 400 suka rasu, saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake daka cikin gidaje. Dalma ginshiƙi ce, ba wutar da ke ƙone ta, ba ruwan da ke kashe ta; sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka kwashe. Masu haƙar zinariya kuma sukan kama ta da zaiba su ƙona, zaibar ta tashi, su ga kamar ta tafi. Ta shiga huhun mai ƙonawa da na yaran da ke kallo. Samarin Isa da Sabon Birni da ke tafiya neman kuɗi wuraren haƙa sun cancanci a gaya musu wannan tun suna aji.

Na ƙarshe bai kai kisa ba, amma asara ce. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne. In an watsa shi a saman ƙasa mai ɗan laima rana na dukansa, wani kashi nasa yakan zama gas ya tashi kafin shuka ta samu. Manomin da ya tona ya binne shi kusa da gindin shuka ya tsare kuɗinsa.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

Ba a ce Hakimi ya shiga aji ya karɓi alli ba. Amma in ya kai ziyara makaranta, ko ya aiki malaminsa, tambaya uku sun isa a gane ko ana koyar da darasin ko haddarsa ake yi. A tambayi yaro ina ruwan wankin da aka shanya ya tafi. A tambaye shi daga ina zufar kwalba mai sanyi ta fito. A tambaye shi me ya sa ba a kunna ashana kusa da jarkar fetur ko da an juye ta. A bar shi ya amsa da Hausa. In aji guda ba wanda ya iya, sai a yi magana da shugaban makaranta cikin mutunci, a keɓe, ba gaban yara ba, gama sau da yawa malamin shi ma haka aka koya masa.

Ana kuma roƙon Hakimai su yi wa malamai hanya wurin Sarkin Maƙera da marina da masu ginin tukwane, domin mai sana'a ba ya sakin jiki da baƙo sai da yawun sarauta. Malamin Hakimi ya rubuta makarantun da ba su da ma'aunin zafi, a miƙa sunayensu ga kwamitin makaranta da ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Gargaɗin gawayi ya kamata Dagatai da Masu Unguwa su sa a yi shelarsa tun cikin Nuwamba, kafin sanyi ya sauka. Gwajin tukunya cikin tukunya a yi shi tsakanin Fabrairu da Afrilu, na zufar kwalba kuwa a dakata masa sai Yuni ko Yuli, gama da hunturu iska ta bushe ƙwarai, kwalba na iya ƙin yin zufa, yara su ce malam ya yi ƙarya.